Ni Ce a Cikin Toko

Ku matso kusa, masu karatu, yau ina da labari. Wanda bai taɓa leƙowa nan ba, sannu da zuwa. Sunana Chizuru, malamar 'yan aji ɗaya ce ni a wata firamare a nan Otaru, garinmu na bakin teku. Shekarata ashirin da bakwai, shekarun da a idon Mama sun isa a kaɗa ƙararrawa. Tun farkon sanyi Gwaggo Fumie, yayar Baba, ta haɗa ni da Shunsuke, ɗan gidan Ebina masu shagon busasshen kifi da ganyen teku a bakin tashar jiragen ruwa. Mun zauna sau biyu. Lahadin da ta wuce aka yi zama na uku, kuma kowa ya san bayan na uku babu sauran "bari in yi tunani". Sai dai a ba mai haɗi amsa, e ko a'a.

Amsata e ce. Na faɗa muku tun yanzu don ku san abin da na fita da shi daga gida a zuciyata ran nan. Sauran kuma bari in bi da ku daki-daki, kamar yadda nake yi wa yarana.

Da safe ina tsaye gaban madubi cikin rigata ruwan toka, Mama ta turo ƙofa ba ko ƙwanƙwasawa.

"Wannan kuma fa? Taron iyayen yara za ki?"

"Mama, ita ce mai ɗumi."

"Ɗumi! Ana zancen aure kina zancen ɗumi. Cire ta. Ki sa shuɗiyar nan mai farin wuya, ki ɗora sarƙar kakarki. Kuma in an kawo kaguwa kada ki zauna kina tsotsar ƙafa kamar ubanki."

Baba yana falo, ƙafafunsa cikin bargon teburin ɗumi, ya ɗaga murya. "Ni kuma me na yi?"

"Kai dai ci gaba da karatun jaridarka."

Ina cikin ɓalle maɓalli wayata ta yi ƙara a kan gado. Ƙawata Kanae ce ta turo saƙo: "Sa'a, amarya! Af, jiya ma an sa wa Toko sababbin waƙoƙi. 'Yar nan taki ta fi ki neman na kai." Na rufe wayar da ƙarfi har sai da Mama ta waiwayo.

"Wane ne?"

"Kanae ce."

"Ita ma ya kamata uwarta ta nemi Gwaggonki."

To, a nan dole in tsaya in gaya muku wace ce Toko.

An daɗe ana fama da na'ura a kan ta yi waƙa, tana yi kamar mai mura a cikin gwangwani, ba mai kula ta sai masu haƙuri. Sai wani kamfani a Sapporo ya fito da wata manhaja da aka ɗauki muryar mace aka zuba a ciki, aka zana mata fuska a jikin kwali, aka ba ta suna da shekaru. Shi ke nan, gari ya ɗauka. Ɗalibi, direba, ma'aikacin banki, kowa ya koma ɗakinsa yana rubuta waƙa yana ba yarinyar kwali ta rera. Ba a jima ba wata manhajar ta fito kyauta, wadda kowa zai iya zuba tasa muryar. Kanae kuwa, tun muna kwalejin malamai, abu biyu ta sani a duniya: zane da kwamfuta.

Ita ta tura ni cikin ma'ajiyar katifunta, ta rufe ni a ciki tare da makirfo, ta sa mini wani amo guda a kunne ta ce kada in hau kada in sauka daga kansa. Ba waƙa na yi ba. Baƙaƙe na yi ta karantawa, a, i, u, e, o, ka, ki, ku, ke, ko, har maƙogwarona ya bushe. Har numfashina sai da ta ɗauka, gajere da dogo. Ta yayyanka su, ta jera, ta zana wata yarinya mai rigar ruwa rawaya da takalmin roba, gashinta kalar teku, ta raɗa mata suna Hamanasu Toko, ta saka ta a intanet kowa ya ɗauka kyauta. Muka yi dariya muka ci taliya, muna cewa in mutum goma sun ɗauka mun gode.

Yau ban san adadin masu riƙe da muryata ba. Tana waƙar soyayya, tana waƙar barkwanci, wani lokaci tana faɗin abin da ni ko a mafarki ba zan faɗa ba. A tsakanin masu wannan harka akwai ƙa'ida: ba a tambayar wace ce ta ciki, wato mai ainihin muryar, ta ciki kuma ba ta fitowa. Wannan ƙa'ida ce bargona. Malamar da iyaye suke danƙa wa 'ya'yansu ba ta bukatar a ji muryarta tana wasu waƙoƙin. Daga ni sai Kanae muka sani. Haka na ɗauka.

Aka haɗu a gidan cin kaguwa da ke kusa da magudanar jiragen ruwa, mu biyar: ni da Mama da Gwaggo, sai Shunsuke da mahaifiyarsa. Ya sa baƙar kwat da ta ɗan matse shi a kafaɗa. Dogo ne, shiru-shiru, hannayensa duk gishiri ya tsattsage su. Da aka kawo kaguwa ya ɓare ƙafa ɗaya a natse, ya zare naman bai karye ba, ya ajiye a farantina. Mama ta dungure ni da gwiwa a ƙarƙashin tebur.

Abin da ya fara sace mini zuciya game da shi tun zaman farko shi ne saurarensa. In ina magana yakan ɗan karkata kai, ya runtse ido kaɗan, kamar kowace kalma tawa da tsada aka sayo ta. Ban taɓa samun mai saurarena haka ba. Ni da na saba da yara talatin masu magana lokaci guda!

Shirun nan kuwa ba daga mahaifiyarsa ya gaje shi ba. Gajeruwa ce mai muryar kasuwa, ko dariya ta yi sai kofuna sun amsa. Ana ɗauke faranti ta tafa hannu.

"To, yanzu sai karaoke! Duk wadda za ta shigo gidan Ebina sai na ji muryarta. Mai sayar da kifi da maƙogwaro yake ci."

"Mama," in ji Shunsuke a hankali, "wataƙila Chizuru-san ta gaji."

"Gajiya? Da tsakar rana? Kai ne dai ka gaji tun ranar da na haife ka. Maman Chizuru, ko ba haka ba?"

Mama, wadda a gida take cewa karaoke aikin marasa aikin yi ne, ta washe baki. "Ai Chizuru tamu akwai murya!"

Sai Toko ta faɗo mini a rai. Amma na lallashi kaina. Tsofaffi uku, ina za su san Toko? Shi kuma da na tambaye shi abin da yake yi in ya tashi daga shago, cewa ya yi yana ɗan taɓa kwamfuta. Na ɗauka lissafin kifi yake nufi.

Ɗakin karaoken da muka je ƙarami ne, kujeru ja, warin tsohuwar taba ya kama labule. Mahaifiyarsa ta fara, ta yi biyu a jere, Gwaggo tana kaɗa mata kacau-kacau ba a kan kiɗa ba. Sannan ta miƙo mini makirfo, ta zaɓa mini da kanta, wata tsohuwar waƙa ta matar da take jiran jirgin mijinta a bakin teku.

"Wannan ce jarrabawa. Ni ma da ita uwar mijina ta gwada ni."

Kiɗa ya tashi. Na miƙe, na riƙe makirfo da hannu biyu. Kafin in buɗe baki sai na ga hannun Shunsuke ya miƙa kan na'urar da ke bisa tebur. Ko kallonta bai yi ba, idonsa yana kan allon. Ya danna sau uku. Kiɗan ya sauko ƙasa, mataki uku.

Na fara waƙa, sai na ji ta zauna mini daram, kamar takalmin da aka auna ƙafata aka ɗinka.

Ku fahimce ni da kyau. Muryata tana da wani gurbi a sama inda take sirancewa kamar zare ta nemi tsinkewa. Tun ina yarinya nake kewaye wannan gurbi, ko Mama ba ta san da shi ba. Waƙar nan, a inda aka gina ta, kai tsaye za ta jefa ni ciki. Mataki uku ne cif suke tsallakar da ni, ba biyu ba, ba huɗu ba. Wanda zai san haka sai wanda ya yi ta fama da muryar nan, yana ɗaga ta yana sauke ta har ya san inda take ciwo. Shunsuke kuwa bai taɓa jin na yi waƙa ba.

Na saci kallonsa. Ya karkata kai, ya runtse ido, irin saurarensa ɗin nan da nake so. Yatsarsa manuniya tana tafiya a kan tebur, tana hawa in na hau, tana sauka in na sauka, kamar mai jan layi a allon kwamfuta. Da na zo inda zan ja numfashi, sai na ga ƙirjinsa ya ɗaga. Ya riga ni.

Yadda na ƙarasa waƙar ban sani ba. Na dai ji tafi, na ji mahaifiyarsa tana cewa, "Ta ci! Ta ci! Fumie-san, wannan ko ruɓaɓɓen kifi ta yi talla sai an saya!" Na ajiye makirfo na sunkuya.

"Bari in ɗebo mana shayi."

Na'urar shayi tana ƙarshen baranda. Na jera kofuna, na danna, ina kallon ruwan yana zuba. Na ji takunsa a bayana. Ya zo da tire.

"Shunsuke-san," na ce, ban juyo ba. Da muryar da nake tambayar yaro wa ya fasa tukunyar fure na yi magana, a hankali, don kada ya firgita ya yi ƙarya. "Wa ya gaya maka mataki uku ake saukewa?"

Da na juyo na same shi yana kallon hannunsa na dama kamar ba nasa ba. Kunnuwansa sun yi ja.

"Hannuna ne ya riga ni," ya ce. "Ki yi haƙuri."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kaka. Na kawo ƙananan kifi ɗakin girkin makarantarku, na bi ta gefen tagar aji ɗaya. Kina gaban allo kina karanta wa yara baƙaƙe suna amsawa. Ka, ki, ku, ke, ko. Saura kaɗan kwalin ya suɓuce mini. Chizuru-san, na ji waɗannan sautuka ɗaya bayan ɗaya sau dubbai. Ko a cikin guguwa aka faɗe su zan gane."

"Da wane suna kake saka waƙoƙi?"

Ya sunkuyar da kai. "Jirgin Ƙarshe."



Masu karatu, duk wanda ya san Toko ya san wannan suna. Wasu in sun ba ta waƙa kana ji ka san na'ura ce. Shi kuwa in ya gama gyaranta, sai ka ji mutum tana tsaye kusa da kai, tana shakka, tana jan numfashi kafin kalma mai nauyi. Waƙoƙinsa nake ji a bas kullum da safe. Sau nawa na jingina kai da taga ina cewa, wannan mutum ya san ni fiye da yadda na san kaina. Ga shi tsaye gabana da tire, kwat ta matse shi.

Da a ce wata ce, wataƙila daɗi za ta ji. Ni sanyi ne ya ratsa ni har tafin ƙafa.

"Ashe ba Gwaggo ce ta samo ka ba."

"Ni na roƙi Mama ta nemo wanda ya san gidanku."

"Ka gaya mata dalili?"

"Ko inuwata ban gaya wa ba. Na san ƙa'ida. Ba a tambayar ta ciki."

"Ba a tambayarta, amma ana aika mata da mai haɗi?"

Ya sauke idonsa kan tiren.

"Duk zaman nan da muka yi," na ce, muryata ta fara hawa inda take sirancewa, na ja ta na dawo da ita, "ina ba ka labarin yarana, da ciwon bayan Baba, da tsoron da nake wa karnuka, kana karkata kai kana saurare. Abin da nake faɗa kake ji, ko yadda yake fita?"

"Da farko..." Ya tsaya. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Da farko yadda yake fita."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ban san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma gaskiyar ba ta ɗumama ni ba.

"To ga tambaya ɗaya, ita ce ta ƙarshe. Ƙawata da ta yi Toko ta yi mini alkawari tun ranar farko: duk ran da na ce a janye ta, za a janye, a roƙi kowa ya daina sa ta waƙa. In na ce haka gobe, babu Toko, babu sabuwar waƙa har abada, sai malamar aji ɗaya mai tsoron karnuka. Amsarka ga Gwaggo tana nan yadda take?"

Ya buɗe baki. Na jira, ni da haƙurin jira ne sana'ata, ina iya jiran yaro ya ɗaure igiyar takalmi har a tashi daga makaranta. Na'urar shayi ta gama zuba ta yi shiru. Daga wani ɗaki wasu samari suna kashe wata waƙa da ihu. Shunsuke bai ce e ba. Bai ce a'a ba.

Ƙofar ɗakinmu ta buɗe, mahaifiyarsa ta leƙo.

"Kai, ku biyun nan! Shayin ne, ko har an fara tarewa a baranda?"

Dariyarsu Gwaggo ta biyo bayanta. Na ɗora kofuna a tire, na gyara sarƙata, na koma ciki da murmushi. Malami ya iya wannan.

A tasi Mama ba ta rufe baki ba. Yaron kirki, uwarsa ba ta da ƙulli, kin ga yadda ya ɓare miki kaguwa? Gwaggo tana gaba, ta waiwayo kafin ta sauka a ƙofar gidanta.

"Chizuru, gobe da safe zan kira gidan Ebina. Zan bugo miki kafin ku ci abincin yamma in ji ta bakinki. Kada ki sa ni jin kunya, tsohuwa ce ni, fuska ɗaya gare ni."

Muna isa gida na haye sama, ban ko cire rigar ba. Rana ta kusa faɗuwa, dusar ƙanƙara tana sauka a hankali a kan rufin maƙwabta. Na zauna bakin gado na buɗe waya na rubuta wa Kanae: "Ki janye Toko." Na zuba wa kalmomin ido. Yatsata tana kan maɓallin turawa sai wayar ta hau rawa a hannuna. Ita ce da kanta.

"Chizuru! Kina kusa da kwamfuta? Buɗe shafin bidiyo yanzu-yanzu!"

"Me ya faru?"

"Jirgin Ƙarshe ya haukace! Goge waƙoƙinsa yake yi, ɗaya bayan ɗaya. Ba sanarwa, ba ban kwana. Mutane sai kuka suke. Wane irin mugun abu ne ya sami bawan nan?"

Ban gaya mata ba. Na ajiye ta, na jawo kwamfuta. Shafinsa, da kullum yake cike har sai ka gaji da gangarawa, ya koma kamar bakin tsoho. Na sabunta shafin, wata waƙa ta tafi. Na sake, wata ta bi ta. A kan waɗanda suka rage saƙonnin mutane suna ta gudu a allo: "Don me?" "Ka bar mana wannan, da ita na yi jinyar mahaifina." "Toko, ki hana shi!"

Toko, ki hana shi.

Na tambaye shi da baki, ga shi yana amsa mini da wuƙa. Aikin shekara biyu ne yake yankawa, nasa da nawa, don muryata ce a ciki. Wani ɓangare na zuciyata, ba zan ɓoye muku ba, ya ce: bar shi ya gama, ta haka kaɗai za ki sani. Ɗaya ɓangaren kuwa yana kallon waƙar da nake ji kowace safiya ta ɓace, aka bar baƙin fili a gurbinta.

Daga ƙasa na ji wayar gida tana ƙara. Na ji Mama ta ɗauka da muryar baƙi.

Na lalubo lambarsa na kira. Bugu ɗaya ya ɗauka. Ƙarar danna linzamin kwamfuta kawai na ji a kusa da wayar.

"Shunsuke-san, ɗauke hannunka."

Ƙarar ta tsaya.

"Saura ɗaya," ya ce. Muryarsa ta dishe. "Ta farko da na yi. A baranda na kasa ba ki amsa, don na ga duk abin da na faɗa da baki ba zai isa ba. In na bar wannan, kullum za ki riƙa tambayar kanki ko saboda ita nake tare da ke. In na goge ta, na san ke ma na cire miki wani abu. Ni na kasa zaɓa. Muryarki ce, Chizuru-san. A goge ko a bari?"

Takun Mama ya fara hawa bene, da saurinta na mai albishir. Ta turo ƙofa, wayar gida a hannunta, ta toshe bakin wayar da tafi.

"Gwaggonki ce! Me kike yi har yanzu da rigar fita? Karɓi, karɓi mana!"

Ta manna mini ita a ɗaya kunnen.

"To, 'yata," in ji Gwaggo Fumie, "me zan ce wa mutanen Ebina?"

A kunnen dama Gwaggo tana jira. A na hagu numfashin Shunsuke, ya ja ya riƙe. Mama tana tsaye a kaina ta haɗa hannu a ƙirji. Shekara biyu duk wanda ya ga dama yana rubuta wa muryar nan abin da za ta faɗa, ta faɗa ba musu. Yau babu mai rubuta mata ko harafi ɗaya.

Na ja numfashi.